Kafa DNS na gida da Pi-hole da Unbound: abin da zai yi maka da inda yake gazawa

Tambayarka, Malam, in na fahimce ta daidai: kana da rauta mai layin 4G a gida, wayoyin iyali sun kai goma, ga talabijin mai hawa intanet, ga kuma wata 'yar ƙaramar kwamfuta, Raspberry Pi, da ke kwance a durowa ba ta aikin komai. Ka ji ana cewa mutum yana iya kafa DNS nasa na kansa, wato abin da ke mai da sunan shafi ya koma lambar da na'ura ke ganewa, ya toshe tallace-tallace a duk gidan, ya kuma hana kamfanin layi ganin shafukan da yake shiga. Kana so ka san ta ina ake farawa, da kuma ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Za ta biya. Aikin bai fi na yammaci ɗaya ba, kuma ko tsohuwar Pi 3 ko Zero 2 W mai mimori 512 MB ta ishi gida irin naka har da rara. Amma buƙatun nan biyu da ka haɗa ba nauyinsu ɗaya ba. Toshe talla za ka samu, ban da wasu da zan ambata. Ɓuya daga kamfanin layi kuwa rabi za ka samu, kuma ko rabin ya danganta da zaɓin da ka yi tun farko. Sannan akwai abu na uku da ba ka tambaya ba, wanda a ganina shi ne zai yanke hukuncin ko za ka ji daɗin abin ko za ka tumɓuke shi bayan mako biyu. Daga ranar da ka kafa shi, intanet ɗin gidan gaba ɗaya ya rataya a wuyan 'yar na'urar nan. In ta mutu, data na nan, sabis a cike, amma babu shafin da zai buɗe. A inda ake ɗauke wuta ba sallama, nan ne ainihin aikin yake.

Bari mu fara da abin da ke faruwa idan ka rubuta suna a burauza. Na'ura ba ta san suna ba, lamba ta sani. Saboda haka wayarka takan aika tambaya zuwa ƙofa ta 53 (mashigar da aka keɓe wa tambayoyin DNS) ta wata saba, wato kwamfutar da ke amsa irin wannan tambaya, wadda galibi rautarka ce ta nuna mata, ita kuma rautar ta miƙa wa sabar kamfanin layi. Tsarin ya samo asali ne daga aikin Paul Mockapetris a 1983, kuma gininsa bai sauya ba har yau. Ka ɗauke shi kamar ɗan aiken da aka tura neman gidan wani a garin da bai sani ba: ya fara da fada, a ce masa mu ba mu san gidan ba amma ga dagacin yankin, dagaci ya tura shi wurin mai unguwa, mai unguwa ya nuna masa ƙofar. In ana neman buk.edu.ng, fadar ita ce sabobin tushe, waɗanda sunayensu 13 ne daga harafin a zuwa m, a hannun hukumomi 12, amma kwafinsu ya haura dubu a faɗin duniya, har da Legas. Su ba su san Jami'ar Bayero ba, abin da suka sani shi ne sabobin .ng, waɗanda NiRA ke kula da su. Daga can ne za a nuna sabobin da ke riƙe da sunan jami'ar, su ba da lambar. Kowace amsa tana zuwa da wa'adinta, wanda ake kira TTL, kuma kafin wa'adin ya cika ba sai an sake zagayen ba, daga ajiya za a amsa.

To, abin da mutane ke kira DNS na gida iri biyu ne, kuma yawancin ruɗanin daga nan yake tasowa. Akwai wanda ke karɓar tambaya ya miƙa ta ga wani babba, kamar 8.8.8.8 na Google da aka buɗe a 2009, ko 9.9.9.9 na Quad9 na 2017, ko 1.1.1.1 na Cloudflare na 2018. Akwai kuma wanda ke yin zagayen da ƙafarsa, daga tushe har ƙasa. Pi-hole na cikin kashi na farko: matata ce kawai, tana duba suna a jerin abin da aka haramta, in babu shi ta tura gaba. Unbound, wanda NLnet Labs ta ƙasar Holan ke rubutawa, yana iya yin kowanne daga cikin biyun. Shi ya sa ake haɗa su, Pi-hole a gaba tana tacewa, Unbound a baya yana nemowa.

Wanne ya fi sirri? Sai ka fara amsa: sirri daga wa? In Unbound ya yi zagayen da kansa, babu kamfani guda da zai tara jerin duk sunayen da gidanka ya nema, kuma da dabarar da ake kira qname-minimisation kowace saba guntun sunan da ya shafe ta kawai take gani. Amma tambayoyin a buɗe suke fita, ba lulluɓi, ta cikin layin kamfaninka, don haka in yana son karantawa zai karanta. In kuwa ka sa Unbound ya lulluɓe tambayoyin da TLS, wato dabarar kulle saƙo yadda na hanya ba zai karanta ba, ya tura wa Quad9 ta ƙofa ta 853, kamfanin layi ba zai iya karanta su ba, amma yanzu Quad9 ne ke ganin komai. Kuma a duka hanyoyin biyu, da zarar an samo lambar, wayarka za ta haɗu da shafin ta cikin layin nan dai. Kamfanin yana ganin lambar da ka nufa, kuma a mafi yawan lokuta yana ganin sunan shafin ma, domin burauza takan faɗe shi a fili a gaisuwar farko kafin a rufe magana. Duk wanda ya ce maka DNS na gida zai ɓoye ka daga kamfanin layi, ya sayar maka da abin da ba shi da shi. Wannan aikin VPN ne, shi ma amanar ce kawai ka ɗauke daga hannun wani ka damƙa wa wani.

Ni ra'ayina, in layinka ya yarda, ka bar Unbound ya yi zagayen da kansa. Amma ka gwada layin tukuna, domin wasu kamfanoni kan tare duk abin da ya nufi ƙofa ta 53 su amsa da kansu, ko da wa ka aika wa. Gwajin mai sauƙi ne. A kan kwamfutar da ke da dig, wato umarnin da ake aika tambayar DNS da shi da hannu, rubuta:

dig @198.41.0.4 google.com

Lambar nan ta sabar tushe ce mai harafin a. Ita ba ta da hurumin ba ka lambar Google. Abin da ya kamata ka gani shi ne ANSWER: 0, sai dogon jerin sabobin .com a ƙasa. In ka ga an ba ka lambar Google kai tsaye, to ba tushe ne ya amsa ba, wani ne a hanya ya sa rigarsa. Ka ƙara da dig @192.0.2.1 google.com, lambar da aka keɓe don misali a takardu kawai, babu wata saba a kanta. Shiru ya kamata ka ji har lokaci ya ƙare. In amsa ta zo, an tare ka. A irin wannan layin zagaye da kai ba zai yi ba, Unbound zai riƙa jefo maka SERVFAIL, wato amsar da ke cewa ya kasa, ba dalili, sai ka bi hanyar TLS da zan nuna a ƙasa.

Yanzu aikin hannu. Ka saka Raspberry Pi OS Lite a katin mimori mai kyau, ba irin na bakin titi da ake rubuta 64 GB a jiki alhali cikinsa bai kai ba. Ka haɗa Pi da rauta da waya in tana da ramin, domin Wi-Fi yakan yi gardama a daidai lokacin da ba ka so. Ka ba ta lambar da ba ta canzawa. In rautarka tana 192.168.8.1, kamar yawancin na Huawei, sai ka ba Pi 192.168.8.2. Umarnin sudo nmtui zai buɗe maka allon da za ka rubuta wannan ba wahala. A wurin da aka nemi DNS na ita Pi ɗin, kada ka rubuta lambarta. Ka sa 9.9.9.9. Dalilin zai fito in mun zo maganar agogo.

Pi-hole da layi ɗaya ake saka ta, curl -sSL https://install.pi-hole.net | bash, sai ka bi tambayoyin. In ta ce ka zaɓi wanda za ta riƙa tura wa tambaya a gaba, zaɓi kowanne, za mu canza. Daga nan sudo apt install unbound dnsutils. Ka buɗe sabon fayil mai suna /etc/unbound/unbound.conf.d/pi-hole.conf ka zuba wannan:

server:
    interface: 127.0.0.1
    port: 5335
    do-ip4: yes
    do-ip6: no
    do-udp: yes
    do-tcp: yes
    harden-dnssec-stripped: yes
    qname-minimisation: yes
    edns-buffer-size: 1232
    prefetch: yes
    serve-expired: yes
    serve-expired-ttl: 86400
    serve-expired-client-timeout: 1800
    private-address: 192.168.0.0/16
    private-address: 172.16.0.0/12
    private-address: 10.0.0.0/8

Layuka biyun farko suna cewa Unbound ba zai saurari kowa ba sai wanda ke cikin na'urar, kuma a ƙofa ta 5335, domin Pi-hole ta riga ta zauna a 53. Lambar 1232 ita ce girman amsa da masu harkar suka yi ittifaƙi a kai a 2020 don kada saƙo ya kakkarye a hanya, kuma a layin waya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na rufe IPv6, sabon tsarin lambobin intanet, ne don yawancin layukan gida a nan ba su ba da shi. In naka yana bayarwa, mai da shi yes.

Layukan da na fi so ka lura da su su ne prefetch da serve-expired. Na farko yana sa Unbound ya sabunta sunan da ake yawan nema kafin wa'adinsa ya cika, ta yadda mai waya ba zai jira ba. Na biyu kuma, in wa'adi ya cika, aka nemi sabuwar amsa aka yi daƙiƙa 1.8 ba ta zo ba, sai ya ba da tsohuwar, muddin ba ta wuce kwana ɗaya da ƙarewa ba. Ga wanda ke zaune a Frankfurt wannan ado ne. Ga wanda layinsa ke rawa da magariba in kowa ya hau, shi ne bambancin shafi ya buɗe da ya tsaya yana juyi. Ka tuna 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. A irin wannan ranar, abin da kake nema yana iya kasancewa a ajiye a wata saba a cikin ƙasa, amma mai ba da lambarsa yana ƙetare. Tsohuwar amsa tana iya kai ka. Ba za ta gyara wayar teku ba, ba shakka.

Bayan sudo systemctl restart unbound, ka yi gwaji uku. Na farko dig wikipedia.org @127.0.0.1 -p 5335, sau biyu a jere. Ka dubi layin Query time a ƙasa: karon farko zai iya cin ɗaruruwan milisakan, na biyu ya kamata ya faɗo kusan sifili. Wannan jinkirin na farko shi ne farashin zagaye da kai, kuma za ka ji shi a kwanakin farko kafin ajiya ta cika. Na biyu dig dnssec-failed.org @127.0.0.1 -p 5335. Sunan nan da gangan aka lalata sa hannunsa, don haka SERVFAIL ita ce amsa mai kyau, tana nuna Unbound yana tantance sa hannun DNSSEC, hatimin da ke tabbatar da cewa amsa ba ta jabu ba ce, wanda aka fara yi wa tushe a 2010. Na uku, ka leƙa cikin /etc/unbound/unbound.conf.d/ ko akwai fayil mai suna resolvconf_resolvers.conf. A wasu sigogin Debian yakan haifu da kansa, ya mai da Unbound mai tura tambaya ga rauta a ɓoye, kai kana nan kana zaton zagaye yake yi. In ka gan shi ka goge, ka kashe hidimar unbound-resolvconf.

Wanda layinsa ya faɗi gwajin layi na can sama, wato ana tare masa ƙofa ta 53, sai ya ƙara layin tls-cert-bundle: /etc/ssl/certs/ca-certificates.crt a ƙarƙashin server, sannan wannan a ƙarshen fayil:

forward-zone:
    name: "."
    forward-tls-upstream: yes
    forward-addr: 9.9.9.9@853#dns.quad9.net
    forward-addr: 149.112.112.112@853#dns.quad9.net

Abin da ke bayan alamar # shi ne sunan da dole takardar shaidar sabar ta ɗauka. In ka cire shi, lulluɓin yana nan amma ba ka tabbatar da wanda kake magana da shi ba.

Saura haɗa su. A shafin Pi-hole, cikin saitin DNS, ka cire alamar duk kamfanonin da ke jere, ka rubuta 127.0.0.1#5335 a gurbin na kanka. Sannan ka shiga rauta, wurin DHCP, wato saitin da ke raba wa na'urori lamba, ka sa lambar Pi a matsayin DNS. Nan ne kusan kowa ke yin kuskure guda: ya ga gurbi biyu, ya sa Pi a na farko, ya sa 8.8.8.8 a na biyu wai don ko-ta-kwana. Na'urori ba sa ɗaukar na biyu a matsayin mai jiran gado. Wasu suna tambayar duka biyun, wasu in suka koma na biyu sau ɗaya sai su lafe a can. Sakamakon shi ne talla yau ta toshe gobe ta dawo, ka rasa gane dalili. Ko ka bar gurbin fanko, ko ka maimaita lambar Pi, ko ka sa wata Pi ta biyu.

Rautoci da yawa da kamfanonin layi ke sayarwa ba su da gurbin ma sam. Mafita ita ce ka kashe DHCP na rautar ka kunna na Pi-hole, ta zama ita ke raba wa wayoyi lamba tana kuma nuna musu kanta. Yana aiki lafiya, amma da sharaɗi. In abin da kake da shi ƙaramar MiFi ce ta aljihu wadda kake fita da ita, kada ka yi haka. Za ka isa kasuwa ko ofis, wayarka ta ga Wi-Fi ta kama, ta tsaya tana neman lamba har abada, domin mai rabawa yana gida a kan tebur. Ga mai MiFi, ya fi sauƙi ya sayi ƙaramar rauta ta zauna a gida, wadda ke karɓar manhajar rauta ta OpenWrt in da hali, ko ta kamfanin MikroTik. Da irinsu ne ma za ka iya kafa dokar da ke kamo duk tambayar da ta nufi ƙofa ta 53 a waje ta juyo da ita ga Pi, wanda shi ne maganin na'urori masu taurin kai irin Chromecast, da ke zuwa da 8.8.8.8 a dashe a cikinsu.

Mu zo kan wuta. Ƙa'idar ita ce duk abin da ke riƙe rauta ya riƙe Pi. In rautar na kan inbata ko sola, Pi ma ta hau. In kana amfani da 'yar batirin nan ta rauta mai fitar da 12V, nemi mai ramin USB na 5V ka haɗa su tare. Pi ɗin da ke wannan aikin wat biyu zuwa uku take ci, ba za ta ja komai ba. Fawa bank na waya kuwa ka gwada shi kafin ka yarda da shi, domin da yawa sukan ɗan yanke wuta na ƙiftawar ido a lokacin da aka kawo ko aka ɗauke NEPA, kuma wannan ya isa Pi ta sake tashi. Caja ma ta zama mai ƙarfi, 2.5A ga Pi 3, 3A ga Pi 4. Umarnin vcgencmd get_throttled zai gaya maka gaskiya: in ba 0x0 ka gani ba, ko wuta ta gaza mata ko zafi ya dame ta tun da ta tashi.

Illar yankewar wuta uku ce. Ajiyar Unbound a mimorin aiki take, tana tafiya da wutar, a koma zagaye daga farko. Katin mimori kuma yana iya lalacewa in an yanke shi yana tsakiyar rubutu, ga shi Pi-hole tana rubuta tarihin tambayoyi a kai a kai. Ka rage kwanakin da take ajiyewa, ka kuma yi kwafin katin gaba ɗaya a wani katin ka manna shi da salatif a jikin akwatin Pi.

Ta ukun ita ce mai rikitarwa, domin ba ta kama da matsalar wuta. Pi 4 da duk na ƙasa da ita ba su da agogo mai batir. In ta tashi, lokacin ƙarshe da ta ajiye take ɗauka, sai ta nemi na gaskiya a intanet. Sa hannun DNSSEC kuwa yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, haka ma takardar shaidar TLS. A ce taransifoma ta lalace, Pi ta yi kwana uku a kashe. Ta tashi tana zaton ranar Litinin ce alhali Alhamis ce. Sa hannun da aka yi ranar Laraba a wurinta bai fara aiki ba tukuna, sai Unbound ya ƙi amsar. In kuma Pi ɗin da kanta take tambaya don nemo sabar lokaci, to ta shiga tarko: ba ta samun suna sai agogo ya daidaita, agogo ba ya daidaita sai ta samu suna. Abin da mutanen gida za su gani shi ne wasu shafuka na buɗewa wasu ba sa yi, ko duka su ƙi, kai kuma ka yi ta zargin kamfanin layi. Shi ya sa na ce ka sa 9.9.9.9 a DNS na ita Pi ɗin. Kana iya ƙarawa da rubuta sabar lokaci da lamba maimakon suna, NTP=162.159.200.1 a cikin /etc/systemd/timesyncd.conf, wadda ta Cloudflare ce. Wanda ke son ya huta gaba ɗaya ya sayi ɗan agogon DS3231 ya dasa a kan filoginta. Pi 5 ta zo da nata agogon, batir kawai ake saya a saka. Duk ranar da abu ya rikice bayan doguwar ɗaukewar wuta, umarnin farko da za ka buga shi ne date.

Game da talla, ga iyakar abin. Pi-hole suna take toshewa, ba hoto ba. In talla daga wani suna daban take zuwa, kamar yadda take a yawancin shafukan labarai da wasannin yara na kyauta da talabijin masu aika rahoton abin da kake kallo, za ta mutu. In kuwa daga sunan da ke kawo abin da kake kallo take fitowa, babu yadda za a raba su. YouTube haka yake, haka tallan cikin Facebook da Instagram da TikTok. Kada ka yi wa uwargida alkawarin waɗannan. Za kuma ka lura sakamakon farko na binciken Google, masu alamar talla, sun daina buɗuwa in an taɓa su, wannan ba lalacewa ba ce. Jerin StevenBlack da Pi-hole ke zuwa da shi ya isa farawa. Masu loda jeri ashirin don su ga adadin ya kai miliyoyi su ne ke wayar gari manhajar banki ta ƙi buɗewa, su yi awa guda suna neman sunan da ya jawo. In hakan ta faru, ka buɗe tarihin tambayoyi, ka sa mai wayar ya sake gwadawa a gabanka, ka ga jan layin da ya fito a daidai lokacin, ka halatta shi kaɗai.

Akwai kuma masu zamewa ta gefe. Android tun daga siga ta 9 tana da saitin DNS na sirri. In yana kan zaɓin atomatik ba matsala, amma in wani ya rubuta suna kamar dns.google a ciki, wayar ta bar hannunka. Firefox da iCloud Private Relay suna da wasu sunaye na musamman da suke tambaya don sanin ko gidan yana son a bi ta kansa, kuma Pi-hole tana amsa musu yadda ya kamata ba sai ka taɓa komai ba. In rautarka tana ba da IPv6, tana iya tallata kanta a matsayin DNS ta wannan ɓangaren, wayoyi su bi ta can. Yaron da ya kashe Wi-Fi ya kunna datar layinsa kuwa ya fita daga duk wannan. A matsayin kariyar yara, abin yana rage haɗarin faɗawa shafin banza bisa kuskure, kuma Pi-hole tana ba ka damar ware wayoyinsu rukuni guda mai jeri mai tsauri, amma ɗan shekara goma sha biyar da ya ƙudura niyya zai wuce shi kafin la'asar.

Wani abu da ban cika jin ana faɗa ba: tarihin nan da ke taimaka maka gyara, yana nuna maka duk sunan da kowace waya ta nema da lokacin da ta nema. Ta matarka, ta ƙaninka, ta baƙon da ya kwana, ta maƙwabcin da ka ba lambar sirri. Ka kafa abin ne don kada kamfani ya leƙa ka, sai ga shi kai ka zama mai leƙen. Hanin da ke cikin Suratul Hujurat game da bin diddigin mutane bai tsaya a leƙen katanga ba. Pi-hole tana da matakan sirri daga 0 zuwa 3. Ka bar shi a 0 na mako ɗaya ko biyu kana gyare-gyare, daga nan ka ɗaga shi ya ɓoye sunaye da masu nema, ka kuma sanar da manyan gidan cewa abin yana nan.

In kana son sanya wa na'urorin gida suna, kamar firinta ko kwamfutar ajiya, yi amfani da ƙarshen home.arpa, wanda aka keɓe don haka a 2018, misali firinta.home.arpa. Ka guji .local, yana da wani aikin daban kuma zai rikita wayoyin Apple.

Kada ka taɓa buɗe ƙofa ta 53 ga duniya don ka riƙa amfani da Pi daga waje. Masu kai hari suna neman irin waɗannan sabobin, su aika musu ƙaramar tambaya da lambar wanda suke son cutarwa, sabar ta jibga masa babbar amsa. Da haka aka kai wa Spamhaus, ƙungiyar yaƙi da saƙonnin banza na imel, harin da ya kai kusan gigabit 300 a daƙiƙa a 2013. A layin 4G ma da wuya ta yiwu, domin kai da ɗaruruwan mutane lamba ɗaya kuke fita da ita. In kana son tacewar ta bi ka har waje, saka Tailscale, manhajar VPN mai haɗa na'urorinka da juna, a Pi da wayarka, ka nuna masa Pi a matsayin DNS. Yana ratsa irin wannan layin ba tare da ka buɗe komai ba.

Kafin ka ce ka gama, ka zare wutar Pi da gangan, rauta na kunne, ka ga abin da gidan zai gani. Sannan ka rubuta a takarda yadda ake komawa tsohon tsari: adireshin shafin rauta, lambar sirrinta, gurbin da za a mayar atomatik ko DHCP da za a sake kunnawa. Ka sa wani babba a gidan ya yi shi sau ɗaya da hannunsa kana tsaye, ta waya ba ta kwamfuta ba. In DHCP na hannun Pi ne, ka haɗa masa da yadda zai ba wayarsa lamba da hannu, kamar 192.168.8.50, domin in ba haka ba ko shafin rautar ba zai iya kaiwa ba. Sabuntawa kuma, sudo pihole -up da sudo apt upgrade, ka riƙa yin su ranar da kake gida kana da lokaci, ba daren da za ka yi tafiya ba.